Lada da alheri: me Kirista ke nufi in ya ce ba aikinsa ne zai cece shi ba?

Ran Alhamis ɗin da ta wuce muna zaune gindin bedi a farfajiyar lakwal, mun gama gyaran takardun gwajin ƙarshen zango, ana jiran shayi ya nuna, sai hira ta gangaro kan addini kamar yadda ta saba. Wani matashin malami da aka turo mana bana, yaro mai ƙwazo wanda ba ni da abin cewa a kan aikinsa, ya dube ni ya ce: "Malam, ai su Kirista sun huta. Ba awo, ba hisabi. Ka sha giyarka, ka ci haƙƙin mutane, Yesu ya riga ya biya." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, ba don na fi su kirki ba, sai don na taɓa faɗin wannan magana da bakina shekara 20 da ɗoriya da suka wuce, kuma har yau ban manta amsar da aka ba ni ba.

Lokacin muna makarantar horar da malamai, ɗakin kwananmu ɗaya da wani Bagobiri, Kirista ɗan Kirista, wanda kakansa ya karɓi addinin a hannun ƴan mishan. Gab da wata jarrabawa sai aka ce tambayoyin lissafi sun fito ta bayan fage, takarda tana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Da ta iso wurinmu ya ƙi ko kallonta. Ni kuwa na kalla, ba zan ɓoye ba. Da dare na tsokane shi na ce, kai da aka riga aka biya maka, me kake tsoro? Ya ce: "Abokina, in wani ya sayar da gonarsa ya fitar da kai daga kaso, ranar da ka fito za ka zarce kasuwa ka sake yanke aljihu, don ka san yana da sauran gona?" Na juya fuskata bango na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Ni Musulmi ne, ban yarda da wannan aƙida tasu ba, kuma zan faɗi inda na rabu da ita. Amma abin da muke maimaitawa a majalisu da sunan aƙidar Kirista ba ita ba ce. Mun ƙera wani abu mai sauƙin kayarwa, muka kayar da shi, muka yi ta tafi. In za a yi jayayya, a yi ta da abin da mutanen suka faɗa.

Harshenmu ma ya sauƙaƙa mana aikin, domin muna da kalmomi biyu da ke ɗauke da dukan muhawarar: lada da alheri. Lada shi ne abin da ɗan barema ke karɓa da maraice bayan ya wuni a duƙe cikin gonar wani. Kuma shi ne abin da muke fatan samu in mun yi sadaka ko mun raka gawa. Kalma ɗaya ce daga bakin gona har gaban Ubangiji, kuma a cikinta akwai ma'anar cewa ka yi, ka cancanta, a ba ka. Alheri dabam ne. In Bahaushe ya ce wane ya yi mini alheri, yana nufin an ba shi abin da bai bi kowa bashinsa ba. Ba a kai ƙara wurin sarki don an hana ka alheri. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa wannan kalma ta biyu suka zaɓa, kuma a kanta aƙidar take tsaye: ceto alheri ne, ba lada ba.

Wanda ya fi kowa dagewa a kan haka cikin littattafansu shi ne Bulus. A babi na 4 na wasiƙarsa zuwa ga Romawa ya kawo hujjar da kowane ɗan ƙwadago zai gane, cewa kuɗin da aka ba ma'aikaci ba a kiransa kyauta, haƙƙinsa ne. To in da mutum zai shiga aljanna da aikinsa, ke nan yana bin Allah bashi, kuma yana da abin taƙama a gabansa. A babi na 2 na wasiƙa zuwa ga Afisawa an ce ceto baiwa ce da ake karɓa ta hanyar bangaskiya, don kada kowa ya yi fahariya. Masu hira gindin bedi a nan suke tsayawa. Da sun ƙara aya ɗaya, da sun tarar ana cewa wanda aka ceta an yi shi ne domin ayyuka nagari. Ashe ba a jefar da aiki ba, wurin zamansa aka canza masa. A wurinsu aiki ba kuɗin shiga ba ne, ƴaƴan itace ne da ke nuna itacen na da rai.

Me ya sa suka ga dole sai haka? Domin sun fara ne daga wata fahimta game da ɗan Adam: cewa tun saɓon Annabi Adamu halin mutum ya karkace, har mafi kyawun aikinsa ma yana gauraye da son kai, kuma mai bashi irin wannan ba ya iya biyan kansa. Sai suka ce Almasihu ya ɗauki bashin a kan gicciye, bangaskiya kuma ita ce hannun da ake miƙawa a karɓa. Hannun mai bara ba ya alfahari da cewa shi ya noma hatsin.

Akwai wani misali a babi na 20 na Linjilar Matiyu wanda ni, a matsayina na mai ba da maki, yake sosa mini rai duk lokacin da na tuna shi. Mai gonar inabi ya ɗauki ƴan ƙwadago da asuba, suka shirya a kan dinari ɗaya. Ya ƙara ɗaukar wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu bayan azahar, wasu kuma saura awa ɗaya a tashi. Da aka zo biya sai ya fara da na ƙarshe, ya ba kowa dinari ɗaya cif. Waɗanda suka sha rana tun safe suka yi gunaguni, mai gona ya tuna musu cewa bai rage musu ko anini daga abin da suka shirya ba, sauran kuwa dukiyarsa ce. In da a ƙauyenmu aka yi haka, gobe ba wanda zai fito da asuba. Ni da nake zama har tsakar dare ina auna bambancin 11 da 12 bisa 20, raina yana tare da masu gunagunin. To amma misalin don masu irin halina aka yi shi: yana tambayarka ko haushin da kake ji na an cuce ka ne, ko na an kyautata wa wanda kake ganin ka fi.

Mu malamai muna da wani abu mai kama da wannan a ƙarshen jarrabawa. In ɗalibi ya kusa kai matsakaicin maki bai kai ba, kwamitin alƙalai kan zauna ya duba, ya ɗaga shi. Da Faransanci rachat muke ce masa, wato fansa, kuma da wannan kalma ce Kiristan da ke addu'a da Faransanci ke faɗin abin da ya ce Yesu ya yi masa. Na taɓa kawo wa abokin nan nawa wannan kwatanci ina jin na gane. Ya ce ban gane ba. Ya ce fansarmu ta malamai ta wanda ya kusa ce, mai 9 da rabi, wanda ƙoƙarinsa ya kawo shi bakin ƙofa. Tasu kuwa ta ce ba wanda ya kusa. Mai 9 da rabi da mai 2 duk faɗuwa ɗaya suka yi, kuma mai 9 da rabin ya fi zama cikin haɗari don shi ne ke zaton ba ya bukatar kowa.

Kada a ɗauka Kiristoci sun haɗu a kan wannan batu cikin lumana. Sun shekara fiye da 1,500 suna faɗa a kansa, kuma babban zagaye na farko a nahiyarmu aka yi shi. Ogustin, limamin garin Hippo, inda Annaba take yau a Aljeriya, ɗan Afirka ta Arewa ne da aka haifa a 354 ya rasu a 430. Abokin jayayyarsa Pelajiyus, mutumin Birtaniya, mai tsantseni ne wanda sakacin Kiristocin Roma ya dame shi, sai ya koyar da cewa tunda Allah ya umarci mutum da kirki, to mutum yana da ikon yin sa, kada kowa ya fake da rauni. Ogustin ya ce a'a, ko niyyar yin kirki ma sai alheri ya riga ya motsa ta. Taron limamai a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya yi watsi da ra'ayin Pelajiyus a 418. In ka karanta hujjojin Pelajiyus za ka ji kamar malamin makaranta ne ke magana, mai tsoron kada yara su ji an ce ƙoƙari ba ya da amfani.

Zagaye na biyu shi ne wanda ya raba coci. Martin Luther ɗan zuhudu ne a Jamus, mai azumi da tsayuwar dare da yawan furta zunubansa ga limami, amma duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba, kullum yana ganin aikinsa bai isa ba. Karatun wasiƙar Romawa ne ya kai shi ga cewa adalcin da zai tsaya da shi gaban Allah ba shi zai tara shi ba, ba shi za a yi. A daidai lokacin kuma wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana zagaya garuruwa yana sayar da takardun sassauci, waɗanda aka ce suna rage wa mutum, ko mamacinsa, horon da ke jiransa kafin shiga aljanna. Wani kaso na kuɗin na ginin babban cocin Bitrus ne a Roma, wani kaso kuma na biyan bashin da babban limamin Mainz ya ci a bankin gidan Fugger. A ƙarshen Oktoba 1517 Luther ya fitar da batutuwa 95 daga garin Wittenberg yana ƙalubalantar wannan ciniki, a 1521 Paparoma ya kore shi daga coci. A lura da kyau: mutumin da ya fi kowa ɗaga muryar "alheri kaɗai" ya ɗaga ta ne a kan masu cewa ka yi abin da ka ga dama ka biya. Abin da muke jingina wa aƙidar shi ne ainihin abin da ta tashi yaƙa.

Katolika sun mayar da martani a taron Trent a 1547. Su ma sun ce alheri ne ke farawa, ba wanda ya cancanci farkonsa, amma mutum yana ba da haɗin kai, kuma aikin da ya yi cikin alheri yana da lada na gaske. Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na mabiya Luther suka sa hannu kan sanarwar cewa a kan tushen batun sun yarda da juna. Don haka ko a nan Nijar, in ka tambayi ɗan Katolika a Yamai ka tambayi ɗan cocin bishara a Maraɗi, za ka ji nauyin da kowa ke ɗora wa aiki ya bambanta. Mu da ba ma son a haɗa mu a buhu ɗaya, ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

To shin zargin matashin malamin nan ba shi da tushe ko kaɗan? Yana da shi, kuma Kiristoci sun riga mu ganinsa. A cikin littafin nasu akwai wasiƙar Yakubu, wadda ta kwatanta bangaskiyar da ba aiki da gawa, har Luther da kansa bai sake da ita ba. Bulus ma ya hango masu cewa bari mu ƙara zunubi don alheri ya ƙaru, ya kuma tsawata musu. A 1937, lokacin da coci-coci da yawa a Jamus suka sunkuyar da kai ga Hitler, wani fasto mai suna Dietrich Bonhoeffer ya rubuta littafi yana sukar abin da ya kira alheri mai araha, wato yafiya ba tuba, ba canjin hali. An rataye shi a Afrilu 1945. Mutumin da ya yarda aikinsa ba zai cece shi ba ne ya ba da wuyansa. Yau kuma duk mai waya ya ga irin masu wa'azin da ke cewa ka shuka kuɗi a hannunsu Allah ya ninka maka. Wannan Tetzel ne ya dawo da makirufo, kuma fastocin kirki sun fi mu jin zafinsa.

Sai dai a auna aƙida da abin da ta haifar a hannun masu riƙe ta da gaske. Duk wanda ya bi hanyar Ƙwanni zuwa Madawa ya san asibitin Galmi, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950. Mutanen ƙasar Maraɗi sun san Danja da jinyar kutare tun zamanin da dangi ma ke gudun kuturu. Waɗanda suka kafa wuraren nan suna cikin masu tsananin riƙo da cewa aiki ba ya ceto. Kana iya cewa suna neman mabiya ne, kuma ba su taɓa ɓoye cewa suna wa'azi ba. Amma ba ka iya cewa aƙidarsu ta sa su naɗe hannu.

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne abin ya fi ba ni kunya. Mu da muke musu dariya, me namu littattafan suka ce? Bukhari da Muslim duka sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai aikin mutum ba shi ke shigar da shi aljanna ba, da suka tambaye shi ko har shi, ya amsa har shi, sai in Allah ya lulluɓe shi da rahama. Muslim ya ruwaito labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci, wanda aka kashe a fagen yaƙi da mai ilimi da mai kyauta, dukansu ayyukansu manya, riya ta cinye su. Malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda littattafansu aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun koyar da cewa sakamakon da Allah ke bayarwa falala ce, azabarsa adalci ce, ba abin da ya wajaba a kansa; Mu'utazilawa ne suka ce dole ya saka wa mai biyayya. Kuma mu ma mun yi namu masu alheri mai araha, wato waɗanda suka wuce gona da iri cikin Murji'a, masu cewa in akwai imani saɓo ba ya cutarwa, malamai suka yi musu raddi. Ke nan wanda ya ce bambancinmu da Kirista shi ne mu aiki su rahama, bai san nasu ba, kuma nasa ma bai ƙarasa karantawa ba.

Har ina ganin akwai abin da za mu tsinta a wannan muhawara tasu. Mun mayar da lada kamar asusun banki. Mutum ya danne albashin mai gadinsa wata uku, ya gina masallaci a bakin titi ya liƙa sunansa, yana lissafin wannan zai shafe wancan. Wani yana ƙirga umararsa a gaban maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba. Tambayar da Luther ya yi wa zamaninsa, ko ana iya sayen Allah, ba ta da addini.

Ga inda na rabu da su, kuma rabuwar mai zurfi ce. Ban yarda an haife ni da bashin Annabi Adamu ba. Alƙur'ani ya gaya mana ya tuba an karɓi tubarsa, kuma ba wanda ake ɗora wa kayan wani. Ban yarda an gicciye Annabi Isa ba. Kuma ban ga abin da zai sa Mai rahama ya bukaci a biya shi kafin ya yafe ba: bashinsa ne, in ya ga dama ya ce na bar maka. Abokina yakan ce alƙalin da ke sakin mai laifi ba tare da kowa ya ɗauki hukuncin ba ya zubar da adalci. Ni kuma in ce alƙalin da ke hukunta marar laifi a madadin mai laifi fa? Shi yana cewa ya riga ya tsira, yana aiki ne don godiya. Ni ina tsakanin tsoro da fata, ban san yadda zan cika ba, kuma ina ganin wannan rashin sanin yana tsare ni daga abubuwa da yawa. Shekara uku muna wannan a ɗaki ɗaya, ba wanda ya ja wani, kuma tuwonmu a kwano ɗaya muke ci.

Wani zai ce, to Malam, me ya yi zafi, hira ce ta shayi. Abin da ya yi zafi shi ne mai maganar yana da ɗalibai uku Kirista a ajinsa. Ba a ɗauke mu aiki a lakwal ɗin gwamnati don mu koyar da addini ba, amma abin da malami ya yarda da shi game da yaro yana fita ko bai buɗe baki ba. Malamin da ya ƙudurta cewa an koya wa yaran nan laifi ba ya da sakamako, ranar da biro ko jika ɗaya ta ɓace a aji, ya san jakar da zai fara buɗewa. Sauran yara 60 kuma suna kallo, suna koyo. Mun ga ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, aka rasa rayuka aƙalla 10. Ba na cewa hirar gindin bedi ce ta kunna wutar. Amma yawancin masu ɗauke da galan ɗin fetur matasa ne, wasunsu sun zauna a benci gaban wani malami, kuma ƙona ɗakin ibadar mutumin da aka riga aka gaya maka ba ya tsoron hisabi ba ya yin nauyi a hannu.

Da aka watse na riƙe matashin muka taka zuwa bakin ƙofa. Ban yi masa dogon bayani irin wannan ba. Na ce masa mahaifin ɗaya daga cikin yaran nan uku makaniken babur ne a bakin tasha, wanda rabin malaman lakwal ɗin nan ke bar wa babur da makulli su tafi. Na ce in ya zo karɓar sakamakon ƴarsa, ka tambaye shi da ladabi: Baba, tunda an riga an biya muku, me ya hana ka sa mini tsohon kaya ka ce sabo ne? Ya yi dariya ya ce zai tambaya. Ran Litinin ake raba sakamako.